Busar da Na Ɗauko wa Uban Amarya

Da ana dawo da jiya, da ban ɗauko makaɗan jaz a walimar ɗana ba. Hotonsu kawai dillali ya nuna mini a unguwar Liuhua, nan ƙasar Sin, na ce ai 'yan algaitar Sin ne. Har na yi wa uban amarya, da ya taso takanas daga Kano, alkawarin za a wasa shi.

Na raɗa wa mai busar sunansa. Ya gyaɗa kai, ya lumshe ido, ya ja wata doguwar busa kamar kuka. Ba kirari, ba suna.

Uban amarya ya ajiye cokali. "Alhaji, wa ya rasu?"

Bai ƙara nemana ba. Har yau in na shiga kasuwar Shahe, gaisuwar mutanenmu ɗaya ce: "Alhaji, ya ƙarin haƙuri?"

Don Allah, zancen ya tsaya nan.