Ta-Zango Tana Jego

Jama'a, in kun gamu da ni yau kun ga hannuna naɗe da tsumma, kada ku yi mini jajen wanda ya faɗi a babur. Mage ce ta yakushe ni, kuma ita ke da gaskiya. Da safiyar nan, ni magidanci da furfurata, na durƙusa a tsakar gida ina kokawar ɗaura wa kyanwa takunkumi. Murjanatu matata ce ta ɗinka shi da ragowar atamfa, har da 'yar igiyar maƙalawa a kunne. To, kunnen mage ba don rataya aka yi shi ba. Kafin in ce kwabo ta zane mini hannu, ta shige ƙarƙashin gadon Iya, tsohuwata, wajen 'ya'yan da ta haifa, Murjanatu kuwa tana ta dariya har da riƙe ciki.

Za ku ce me ya kai ni. Tsoron kwamiti ne ya kai ni. Tun da korona ta shigo aka rufe kasuwa, aka rufe iyaka, abu ɗaya ne ya buɗe a unguwarmu, wato Kwamitin Korar Annoba. Shugabansa, ransa ya daɗe, Sarkin Yaƙin Wanke Hannu, Garkuwan Masu Atishawa, mutum ne mai ƙoƙari, Allah ya saka masa. Shi ne ya tara mu a rana don rabon shinkafar tallafi. Aka sauke buhuna, aka ɗauki hoto, aka mai da buhuna mota. Bayan kwana biyu aka ce an gama rabo, kowa ya samu. Mu dai mun samu hoto, kuma wallahi na fito da kyau.

Kwatsam sai ransa ya daɗe ya ji an ce wata mage a ƙasar Turawa ta kamu. Shi ke nan, abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Aka kafa doka cewa duk mai kyanwa a unguwa ya miƙa ta, a ɗure a buhu, a kai dajin hanyar Kongolam, can bakin iyaka, a sake. Ɗan Adam bai isa ya doshi iyaka ba, amma an buɗe wa mage hanya.

Maƙwabcina Maliki shi ya fara bin doka, don shi ko an ce a daina numfashi sai ya tambaya daga ƙarfe nawa. Jiya na same shi a ƙofar gida yana shafa diddige. Ya ce ɓeraye sun gama da geronsa, sun huda buhun masara, yanzu sun koma gwaguyar ƙafarsa. Na tambaye shi ko yana tari, ya ce a'a, lafiyarsa lau, yunwa ce kawai. Na ce to ai kwamiti ya yi nasara.

Tamu matsalar ta fi ta Maliki. Magen ta Iya ce, mahaifiyata. Daga Zango ta zo da ita tana 'yar mitsitsiya, shi ya sa muke ce mata Ta-Zango. Tun rasuwar Baba ita ce abokiyar hirar Iya, ita ce kuma mai gadin irin gyaɗar da Iya ta ɓoye a ɗaki tana jiran saukar damina. Iya ta faɗa mini ƙarara, ran da Ta-Zango ta bar gidan nan, ita ma za ta ɗaure kayanta ta bi ta. Na san Iya, ba ta faɗa ta fasa. Shi ya sa na yi dabarar takunkumi, ko kwamiti zai ga mun waye ya ƙyale mu.

Ashe Iya tana da nata shiri. Ta ji likita a rediyo yana cewa galibi mutum ne ke shafa wa mage cutar, ita magen da wuya ta shafa wa mutum, don haka mai ciwo ya nesanci dabbobinsa. Iya ta riƙe wannan gam, ta bar sauran bayanin ga masu boko.

Da hantsi sai ga sallama. Ransa ya daɗe ne da kansa, takunkumi a haɓa, gemu ya samu kariya. Bayansa Jibril ne, mai riƙe masa buhu. Na tarbe su a zaure ina ta "ranka ya daɗe" kamar mai neman aure. Ya fara jawabi kan rigakafi ya fi magani, sai muryar Iya ta fito daga bayan labule. Ni ɗan fari ne, ba ta kama sunana.

"Kai wannan, ce wa baƙin nan su ja da baya su wanke hannu. Masu yawon taro ne, kada su kwaso wa yarinyata ciwo."

Ransa ya daɗe ya yi gyaran murya, ya ce wa Iya ai magen suka zo ɗauka.

"Mai jegon? Ranar Talata ta haihu. A gidanku ana fitar da mai jego kafin arba'in? In ka isa, shigo ɗakin tsohuwa ka janye uwa daga kan 'ya'yanta, ni kuma in aika a gaya wa Hajiyarka abin da ka zama."

Nan fa ake yin ta. Gidan ba shiga, tsohuwa sa'ar uwarsa, ga mata sun fara leƙe ta katanga. Ya dubi Jibril, Jibril ya dubi buhu. Daga ƙarshe ransa ya daɗe ya ce kwamiti zai zauna ya duba batun masu jego. Ya ma yi barka kafin ya fita, Iya ta amsa masa da fara'a, ta ce Allah ya ba da ladan zumunci. Ni dai daɗi ya kashe ni, har na manta da zafin hannu.

Bayan la'asar Jibril ya dawo shi kaɗai, ba buhu, yana waige-waige. Ya durƙusa ya gaida Iya, ya yi ƙasa da murya. Wai ransa ya daɗe yana roƙon alfarma, in an yaye 'ya'yan a taimaka masa da ɗaya, don tun da aka kwashe kyanwoyin unguwa ɓeraye suka addabi shinkafar da ke sito.

"Wace shinkafa?" in ji Iya. "Ba an rabe ta ba?"

Jibril ya kama sosa ƙeya, ya ce shi ɗan aike ne.

"To ɗan aike, ka gaishe shi. Ka ce ba na ba da jikata gidan da ɓerayen suka fi ta girma."

Ni kuwa ba ruwana da zancen sito, don ni mai biyayya ne ga manya. Illa dai ina shawartar Maliki, tun da shi da ɓerayen siton duk 'yan unguwa ɗaya ne, ya je ya tambaye su ta ina suka bi layi.