Dodon Koɗi a Lambun Yaya Sale

Ban taɓa ganin teku ba, amma na kalli bidiyonsa a waya har sau uku, ga shi kuma ni malamin kimiyya ne. A ciki na ga dodon koɗin teku yana kankare gansakuka daga jikin dutse, ba ya kula komai sai ita.

A lokacin gansakuka ta addabi lambun latas na yayana Sale a Watari, saura mako guda a kai kasuwa. Na yini ina tsintar dodon koɗi a bakin ruwa, na cika bokiti, na juye masa a fangalin latas ɗin.

"Malam, ba za su taɓa ganyen ba?" in ji Yaya.

Na gyara zaman hulata. "Yaya, wannan halitta tana da zaɓi. Ba kowane abinci take ci ba."

Bayan kwana biyu muka koma. Gansakuka tana nan kore shar, ko lasa ba a yi ba. Latas kuwa sai kututture.

Yaya ya daɗe a tsugune yana dubawa. Ya ce, "Gaskiyarka. Suna da zaɓi."

Shekara huɗu ke nan. Har yau in an ajiye tuwo, na miƙa hannu wajen nama, sai ya dakatar da kowa: "Ku bari dodon koɗin teku ya zaɓa tukuna."