Shekarar da Suri Ya Yi Kamu Biyu

A wani daji da ke tsakanin fadama da tsauni, dabbobi suna da makarantu bakwai da hukuma guda mai kula da su. Ta farko da aka kafa, makarantar Bakin Fadama, rumfa ce kawai, dirkoki takwas da zana a kai, a gefen wani ɗan suri da bai kai gwiwar zomo ba. Ranar buɗe ta, wani dattijon kunkuru ya yi fatan alheri, ya ce yadda surin nan zai yi ta tashi, Allah ya sa ilimin 'ya'yansu ya yi ta tashi haka. Addu'a ce ya yi, ya koma gida. Waɗanda suka gaje shi ne suka mayar da ita ma'auni.

Tun daga nan, duk farkon bazara sai a taru a gindin surin a auna tsayinsa da kara. In ya ƙaru, to ilimi ya ci gaba a makarantu bakwai duka. Ba a taɓa kiran ɗalibi an ce ya karanta wani abu ba, domin an ce hakan yana firgita yara.

Shugaban hukumar wani burtu ne mai suna Barmo, mai tafiya kamar ƙasa ce ke roƙonsa ya taka ta. Kowa ya san da an yi ruwan farko shi ke riga kowa isa gindin suri, inda shinge, garar nan mai fukafukai da yake son ci, ke fitowa. A hukumance ana kiran wannan rangadin duba makarantu.

A taron wannan shekarar, da aka auna aka tarar suri ya ƙaru da taƙi ɗaya da yatsa biyu, Barmo ya gyara jan maƙogwaronsa ya ce:

"Iyaye, malamai, masoya ilimi. Bara mun ƙaru da taƙi ɗaya, bana mun ɗora yatsa biyu a kai. Wannan ba aikina ba ne ni kaɗai, ko da yake ba zan hana a faɗa ba. Sirrinmu abu uku ne da muka gada: haƙuri, haɗin kai, da rashin nuna bambanci. Burinmu na baɗi kamu guda cur. Wanda ke shakka ya ɗaga kai ya dubi surin nan."

Aka ɗaga kai aka duba, aka yi tafi.

Sai Malama Tasalla ta miƙe. Barewa ce, ita ke koyarwa a Bakin Fadama, ɗalibai talatin da ɗaya, 'yan zabi da 'yan zomaye da 'yan kurege. Ta san muryar kowannensu ko idonta a rufe, kuma wata uku ke nan rabonta da ta koyar da su da zuciya a kwance, domin rabin hankalinta yana kan allo, rabi yana kan rufi. Ta ajiye guntun dirka a gaban shugaba, ta ɗora kofato a kai a hankali. Dirkar ta rufta kamar ɓawon gyaɗa, gari ya zubo.

"Ranka ya daɗe, wannan ita ce mai ƙwari a cikin takwas ɗin," in ji ta. "Na bi hanyar laka da ta hau jikinta, na bi ta har ƙarshe. Ga inda ta shiga." Ta nuna gindin suri. "Abin da muke aunawa kowace shekara rumfarmu ce, gara ta kwashe ta ta tara a nan. Damina ta ƙarato, yara talatin da ɗaya suna zama a ƙarƙashi. Iyaye sun yarda su hau tsauni su saro ƙirya, wadda gara ba ta iya ci. Izini kawai muke nema."

Aka nemi wakilin gara, wani mai suna Nomau, ya ce wani abu. Ya ɗan jinkirta, don bakinsa a cike yake, sannan ya ce su dai ba mutanen surutu ba ne, aiki suka sani, kuma babu wata al'umma a dajin da ta fi su shiga makaranta ciki da waje. Aka yi masa tafi mai tsawo.

Wata zabuwa, Inna Kuluwa, wadda 'ya'yanta tara ke ajin, ta ce daga baya: "Malam Nomau, haɗiye tukuna, kada dirkarmu ta shaƙe ka." Wasu suka yi dariya, suka kuma haɗiye ta da sauri da shugaba ya waiwayo.

Barmo bai yi fushi ba. Cikin tausayi ya yi magana, irin tausayin da ya fi zagi ciwo.

"Malama, ƙanwata, na ji ki, kuma kukanki ya taɓa ni. Amma ki yi tunani. Kin faɗa da bakinki cewa daga rumfarki suri ke samun tsayi. Ashe ke ce kan gaba wajen ciyar da ilimi gaba, ba ki sani ba. Yanzu kuma kina so mu kafa itacen da zai tsayar da ci gaban makarantu bakwai saboda aji ɗaya? Sannan ƙirya itace ne mai girman kai, wanda ɗan'uwa ba ya iya sa wa baki. Ina rashin nuna bambancin da muke koya wa yara? Za a ba ki sababbin dirkoki, na rimi, mai taushi, mai karɓar kowa."

Aka kaɗa ƙuri'a. Iyayen sauran makarantu shida, da ba 'ya'yansu ke ƙarƙashin rumfar ba, suka goyi bayan ci gaba.

Aka kafa rimi. Tasalla ba ta sake roƙon kowa ba. Kullum da safe, kafin yara su shiga, sai ta zagaya dirkokin tana ƙwanƙwasa su, ta kara kunne. A mako na shida suka fara amsa mata kamar ganga. Ranar ta tsaya a bakin rumfa ta hana kowa shiga, ta kora ajin zuwa gindin wata tsamiya. Hukuma ta aiko mata da gargaɗi sau biyu kan barin wurin aiki.

Ruwan farko ya sauko da hantsi. Yara na lafe a jikin tsamiya suka ga rumfarsu ta durƙusa, ta kwanta, ba ta ko yi ƙara ba. Tasalla ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana kiran suna, kowa yana amsawa, kuma sai da na ƙarshe ya amsa sannan ta bar hawayenta suka bi ruwan. Can gefe Barmo yana rangadi, bakinsa cike da fukafukai.

Da yake a doka makaranta ita ce rumfa, aka rufe Bakin Fadama. Aka sallami Tasalla saboda rashin biyayya. Ta ci gaba da koyarwa a gindin tsamiya, Inna Kuluwa na kawo mata tara ɗinta kowace safiya, sai dai hukuma ba ta lissafa wannan a cikin ilimi.

Gara kuwa ta samu rumfa guda a ƙasa, ba sai ta hau ba. Da bazara ta zagayo aka auna suri, kamu biyu ya ƙaru, abin da ba a taɓa gani ba. Barmo ya yi ƙwalla a bainar jama'a, ya ce burin baɗi kamu uku.

Bayan an watse, Nomau ya matso cikin ladabi, ya tambayi hanyar makaranta ta biyu.