Mayafin da Mai Girma Ya Yafa wa Kondayya

Jama'a, ku yi mini uzuri idan rubutun yau ya zo muku a karkace, da takalmi ƙafa ɗaya nake yin sa. Ɗayan yana can ƙofar ofishin Mai Girma Uban Ruwan Gundumarmu, inda na baro shi da safiyar nan sa'ad da 'yan sanda suka fito da kulake, na ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. Wanda ya tsince shi ya miƙa wa hukuma, gudummawata ke nan.

Ba don kaina na je ba. Ni mai gyaran keke ne, taya ba ta jin ƙishi. Maƙwabcina Kondayya na raka. Gonarsa ce ta ƙarshe a hanyar ruwan da ta taso daga tafkin garinmu, kuma 'yan shinkafar da ya yafa don dashe sun yi mako uku suna kallon sama. In suka mutu babu dashe bana, ba shi da sauran iri a rumbu, ga baki shida a gida. Kada ku ce fari aka yi, tafki cike yake fal. Ƙofar ƙarfen da ake murɗawa ruwa ya fito ce aka yi wa sabon fenti, aka ɗaura mata sarƙa da kwaɗo, aka ce ba mai taɓa ta sai Mai Girma na birni, wanda ya fi namu Mai Girman girma, ya sami sarari ya zo ya fasa kwakwa a kanta, kamar yadda ake ƙaddamar da sabon abu a al'adarmu. Tun kakannin kakanninmu da hannu biyu da nishi ɗaya ake buɗe ƙofar nan, sai bana ta zama amarya.

Zuwanmu na farko ba mu sami namu Mai Girman ba. Ya tafi babban otal a birni, taron kwana uku kan hikimar mulkin sarakunan dā. Na ji daɗi ƙwarai, don ilimi gishirin zaman duniya ne. Da ya dawo sai ga allo cikin gilashi a saman kujerarsa, da kalmomi huɗu a tsohon harshen haikali.

"Kun ga wannan?" in ji shi. "Hanyoyi huɗu ne da magabata suka bar mana na tafiyar da mutane. Lallashi, kyauta, raba kai, sai sanda. Daga yau ofishin nan bisa tsarin magabata zai yi aiki."

Ni da wautata har tafi na yi masa.

Nan take ya fara da ta farko. Ya miƙe, ya haɗa tafin hannu a ƙirji, ya ce wa Kondayya, "Baba, ai ku ne masu ciyar da mu, mu 'ya'yanku ne." Aka kawo shayi mai madara a kofin tangaran, ba irin na baƙin banza ba. Kondayya, wanda tun da yake babu wani mai kujera da ya taɓa kiransa baba, har da share hawaye da gefen tawul.

A hanya ya ce mini, "Yaya Pullayya, mutumin nan ɗan albarka ne."

Na ce, "Ƙwarai kuwa. Yaushe ya ce za a buɗe ƙofar?"

Ya tsaya cak a tsakiyar titi, ya yi ta lalube a kansa. Romon baka muka sha, kuma a gaskiya ya ji kayan ƙamshi.

Mako na zagayowa muka koma mu goma sha biyu, har da surukina Mallesham, yayan matata, wanda gonarsa ke can sama kusa da bakin tafki. Shi da Kondayya shekara talatin suna aron shanun huɗa a tsakaninsu. A ranar ne Mai Girma ya shiga hanya ta biyu, ya sa aka kawo mayafin girmamawa, ruwan ɗorawa mai bakin zinariya, irin wanda ake yafa wa manyan malamai da mawaƙa. Da hannunsa ya yafa wa Kondayya a kafaɗa, mai hoto ya ƙyasta. To, wa zai ɗaga murya da mayafin mutum a wuyansa? Kowa ya ci ladan kuturu ai sai ya yi masa aski. Muka yi godiya muka fito, ruwa yana nan inda yake.

Ta uku ban ga sa'ad da aka yi ta ba, sakamakonta na gani. Ashe an kira Mallesham shi kaɗai an raɗa masa cewa in aka buɗe ƙofa yanzu, masu gonakin ƙasa, su Kondayya, za su janye ruwan kaf. Aka kuma aika wa Kondayya cewa mutanen sama ne suka roƙi a jinkirta. A ƙofar shagona suka haɗu.

"Munafuki! An saye ka da ƙyalle, kana yawo da shi kamar ango!" in ji Mallesham.

"Ni ne munafukin? Kai da ka bi ta bayan gida ka ce a bar 'ya'yana da yunwa?"

"Wa ya faɗa maka?"

"Wanda ya faɗa mini ya fi ka mutunci!"

Da ƙyar na ƙwace famfon iskata daga hannun Mallesham. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, amma namu ƙadangaren da gudumarsa ya zo. Tun ranar matata Narsamma ta daina sa gishiri a miyar tsamiya, wai na goyi bayan bare a kan ɗan'uwanta.

Shi ya sa yau mu huɗu kacal muka je. Mutum huɗu ai ba su da wuyar kora. Aka ce mun yi taro ba izini, aka karanta mana hanya ta huɗu a gadon baya. A nan dole in yaba wa Mai Girma, bai tsallake ko ɗaya ba, kuma bi da bi ya kawo su. Da ɗalibanmu na riƙe karatu haka, da ƙasar nan ta wuce inda take.

Ina ɗingishi zuwa gida na biya ta haikali, na tarar da tsoho Shastiri a inuwa. Ya haura tamanin, kuma shi kaɗai ya rage a garin nan da ya karanci littattafan dā a kan ganyen giginya. Na kwashe labari na faɗa masa. Ya yi dariya har ta koma tari.

"Ɗana, hanyoyin nan gaskiya ne, akwai su. Amma an tanade su ne don sarkin da ke hararar ƙasarka daga ƙetaren kogi, ko ɗan tawayen da ya ɗauki makami."

Na ce, "To, Baba, manomi fa?"

"Manomi cewa aka yi a gyara masa tafki, a sakar masa ruwa a kan kari, in ya zo da kuka kada a shanya shi a rana. Wannan yana can gaba a karatun. Da alama a taron otal ɗin an tashi cin abinci kafin a kai wurin."

Kun ji fa. Mu muna ɗauka talakawansa ne mu, ashe rundunar abokan gaba ce, Kondayya ne sarkin yaƙinmu, ni kuma mai kula da dawakin ƙarfe.

Dariyar ba ta raka ni har gona ba. Na sami Kondayya tsugune cikin zafin rana. Ashe kwana goma ke nan yana ɗaukar mayafin nan, ya tsoma shi a guga ɗaya da yake samu daga rijiyar unguwa, ya shimfiɗa a kan wani lungu na 'yan shinkafarsa. Ya ɗaga mini gefensa. A ƙarƙashi kore shar, daidai faɗin mayafin, babu ƙari ko na yatsa. Duk sauran sun zama ƙaiƙayi. Can sama na hango Mallesham tsaye a tasa gonar, ita ma ta bushe, kuma babu wanda ya ɗaga wa wani hannu. Raina ya ɓaci.

Kondayya ya ce, "Yaya, wannan zai dasa mini kamar taki goma."

Ya mayar da mayafin a hankali, kamar mai lulluɓe jariri.

Don haka masu cewa babu abin da ke fitowa daga ofishin ruwa ya isa gona a jiƙe, ku ji tsoron baki, ni shaida ne ya isa. Roƙona ɗaya ga Mai Girma, ransa ya daɗe: tunda kwakwa ba ta da ranar fashewa, in za a sake zagayowa kan hanya ta biyu, a taimaka a auno mayafin da faɗin eka guda.