Ranar da Guɗata Ta Koma ta Kaboyi

Ko tsufa ya kai ni inda zan riƙa neman carbi alhali yana wuyana, ba zan taɓa mantawa da la'asar ɗin da na kunyata kaina a gaban matan unguwarmu Nuzla, a nan Hijaz, da na Makka ba.

A lokacin Askariya ake ce mini a unguwa, wato 'yar sanda. A bayan idona ake faɗa, amma ina ji, kuma (in faɗi gaskiya) ina jin daɗi. Da safe in sayar da gyaɗa a kasuwar Bab Makka, da yamma in kafa kujera a ƙofar gida. Yarinya ta wuce mayafinta ya zame, na gani. Magidanci ya tsaya shan shisha ana kiran salla, na gani. Ban taɓa shiga aji ba, amma babu wanda ya kai ni karanta fuska. Ba ni da gwal, gidan ma na haya ne, kwarjinin nan shi kaɗai na mallaka. In na yi gyaran murya, tsakar gida kan yi tsit.

Ɗana na fari (ba za ku ji sunansa a bakina ba, Sawwagi nake ce masa, wato direba) yana tuƙa wani Ba'amurke mai aikin tashar jirgin ruwa. A motar nan ya kwaso cutar: waƙoƙin makiyayan shanun ƙasarsu, 'yan kaboyi, shi yana ce musu kantiri. Ya sayo rediyo, ya gano wata tashar Amurkawa da ke hayin teku wajen Habasha, wadda kowace Juma'a da la'asar take jero waƙoƙin mako, daga ta ƙasa har zuwa wadda ta fi kasuwa a can. Kafin a sako ta kan gaba sai an kaɗa wata ganga, tarrrr, an busa ƙaho.

Na ce, "Wannan kukan jakin a gidana? Abin kunya!"

Ya ce, "Inna, Turanci nake koyo, saboda aiki."

Na ce to, ya shige ɗakinsa da abinsa, ni kuma zan zauna gindin taga in tabbatar ba a sako batsa ba. (Ni da ko "zo in kashe ki" ban sani ba da Turanci.)

Haka na kama gadi. Da Muharram wani mai waƙa ta hanci ne a sama, na sa masa Mai Hanci, na tsane shi kamar ya zubar mini da tire. Wajen Mauludi wata mata ta ture shi, tana kuka goge yana taya ta. Na ce wannan Bazawara ce, ko ba a fassara mini ba na san namiji ne ya yi mata. Ba ta jima ba Mai Hanci ya dawo da sabuwa ya karɓe kujerarsa. Ranar tuwo bai yi mini daɗi ba, na huce a kan surukata Rabi, matar Sawwagi, na ce miyarta ta yi tsami.

Sai da zafin Rajab ya kankama nawa gwanin ya bayyana. Wani mutum ne mai murya kamar ta wanda ya yi doguwar tafiya a ƙasa, yana cikin waƙa sai ya karya ta, ta haye sama siririya, ta faɗo, ta sake hawa. Na sa masa Kurciya. Daga can ƙasa ya fara, kowane mako yana ɗan matsowa, ni kuma ina gindin taga fuska a murtuke, zuciya na cewa, "Yalla, ɗan albarka, ture su!" Ranar da aka kaɗa gangar nan na ji muryarsa, sai da na shige banɗaki na yi murmushi.

Da azumi ya zo, ni da bakina na ce a kulle rediyo a akwati. Ni kuma na fi kowa shan wuya. Bayan salla aka buɗe, na tarar Kurciya ya gangaro, Mai Hanci ya sake hayewa, kuma ba ni da wanda zan tambaya yadda aka yi. In ina suyar gyaɗa cikin yashi, ƙarar cokali na rufe ni, sai in riƙa gwada karya muryar nan a hankali. Na iya kuwa. Wallahi na iya.

Bayan alhazai sun watse aka sa bikin jikata Maryama, 'yar Sawwagi, da wani tela, ɗan Hajiya Saudatu ta Makka. Hajiya Saudatu mace ce mai son shagali, ta zo da maganar a ɗauko mudriba, mawaƙiyar biki irin ta nan Hijaz, da 'yan amshinta. Na dube ta sama da ƙasa a gaban mutanenta.

Na ce, "Hajiya, gidanmu ba gidan kiɗa ba ne. Tun da nake, waƙar banza ba ta taɓa shiga kunnena ba. Bege da duffu, halas."

Ta haɗiye, ta ce, "Yadda kika ce, Yaya."

Aka yi hayar lasifika saboda mai bege. Guɗar fito da amarya kuwa tawa ce, don a Nuzla kaf ba a yin ta sai da ni.

Matsalar ita ce ranar ta faɗo Juma'a, kuma ƙarshen shekarar Nasara. Na ji Sawwagi yana gaya wa Rabi cewa a ranar za a fitar da gwarzuwar waƙar shekara gaba ɗaya. (Na so a ɗaga bikin, na rasa dalilin da zan bayar.)

La'asar ta yi, tsakar gida ta cika maƙil, turaren wuta na tashi, ana zagayawa da shayi. Shi kuma uban amarya, maimakon ya zauna da baƙinsa, sai ya ajiye mota a bayan katanga wai yana jiran masu zuwa, ya kunna abinsa ƙasa-ƙasa. Babu wadda ta lura. Ni da na shekara ina saurare ta jikin bango, tsaf nake ji.

Na riƙo hannun Maryama, tana lulluɓe tana sheshsheƙar da aka san amare da ita. Mai bege ta matso mini da bakin lasifika. Na kama hanci, na ja numfashi. A daidai nan na ji tarrrr, na ji ƙaho. Na ce a raina, ya Allah, kada ka ba Mai Hanci.

Sai ga muryar Kurciya.

Na fara daidai, "Ayyiriri..." Ban san inda ta kuɓuce ba. Guɗar ta haye, ta karye, ta faɗo, ta sake hawa: "Yiriri-yo-le-i, yo-le-i-hiii!" Lasifika ta kwashe ta kai har bakin titi. Kuma da ma a nan na tsaya! Sai na ji bakina ya ƙara da cewa, "Alhamdu lillahi! Mai Hanci ya sha ƙasa!"

Duffu ya tsaya. Wata ta ajiye kofin shayi a hankali kamar ƙwai. Na tsaya hannu a hanci, ina roƙon ƙasa ta tsage.

Daga bayan katanga Sawwagi ya ɗaga murya, "Inna! Ke ce? Wallahi kin fi shi iyawa!"

Amarya ce ta fara. Kukan nan ya rikiɗe ya koma dariya, lulluɓi na girgiza, ta durƙushe tana riƙe ciki. Rabi ta toshe baki da gyale ta ruga madafa, can ma muna jiyo ta. Sai gida ya fashe.

Hajiya Saudatu ta bari aka lafa, ta gyara zama, ta ce, "Masha Allah, Yaya. Wannan begen na wace zawiya ce? Mu a Makka bai iso mana ba tukuna."

Na ce, "Tari ne ya sarƙe ni."

Ta ce, "Allah ya sawwaƙe. Tari mai amshi kuwa." Ta kurɓi shayi. "Af, mudribar nan tana gidan ƙanwata a unguwar Madain Fahd. In aika?"

Da wane bakin zan hana? Na ce, "Yalla, a kira ta."

Aka kira ta, aka cashe har magariba. Ni ma sun ja ni fili, na taka (kafaɗa ɗaya kawai na motsa, kada wani ya ƙara muku gishiri). An ce ba a yi biki mai daɗinsa a layinmu ba, kuma ba zan musa ba.

Kwarjini dai ya tafi, bai dawo ba. Washegari na tsawata wa wata yarinya a kan mayafi, ta gyara, ta rusuna, ta ce, "Ina wu-u-uni, Hajiya," tana karya murya. Na buɗe baki zan yi faɗa, dariya ta riga shi fitowa.

Abin da na koya shi ne, wadda ta ce miya haramun ce, kada ta ce ita za ta riƙa ɗanɗana gishirinta kowane mako. In kuwa ta riga ta saba, to ranar taro ta yi nesa da lasifika.