Kaka da Gawarwaki Masu Yawo

"...Lafiya lau, ban da ƙugun nan. Ya aiki? Ya masu wayoyin da kake ƙarasa lalatawa?"

"Suna gaishe ki. Sun ce in duba ko har yanzu kina nan."

"Ka ce musu ina nan daram, sai na ga ranar da gemunka zai cika."

Kaka ce da jikanta na wajen 'yarta, mai gyaran waya. In tana son aike takan kira shi Maigida, in aiken ya lalace ya koma Dogon Banza. Tun da santsi ya kwashe ta a banɗaki ta samu tsagewar ƙashi a ƙugu, sai ta tare a kujerar falo, filo biyu a baya, ɗaya a ƙarƙashin ƙafa. Likita ya ce ƙashi ya haɗe, saura ta riƙa takawa, in ba haka ba ƙafar za ta saki gaba ɗaya. Ta ce likitan yaro ne. 'Ya'yanta sun yi lallashi har sun gaji, daga gado zuwa kujera ma sai an tallafe ta. Ran nan ta aiki jikan ya sayo mata rimot, don nata ya mutu, talabijin ta maƙale a tashar da ba a komai sai tallan katifa. Ya dawo da baƙin akwati a hammata, ya durƙusa yana jona wayoyi a bayan talabijin.

"Ina rimot ɗina?"

"Ga shi, amarya."

Ta karɓa, ta juya shi sama da ƙasa. "Wannan rimot ne ko ƙaguwa? Ga ƙahoni, ga idanu. Na aike ka kasuwa ka tafi bakin kogi, Dogon Banza."

"Gem ne, wasan da ake yi a talabijin. Tunda kin ce ba za ki taka a duniya ba, na kawo miki inda za ki yi gudu kina zaune."

Hoto ya fito. Wani gari ne da motoci a watse kan titi, mutane suna tangaɗi, tufafi a yage, jiki duk ya ruɓe.

"Su waye waɗannan marasa wanka?"

"Cuta ce ta cinye garin. Sun mutu amma sun ƙi kwanciya, suna yawo suna cizon masu rai. Ke ce wannan da ake ganin hannayensa kawai. Aikinki gudu, hawa gini, da tsallake daga rufi zuwa rufi."

"Sun mutu sun ƙi kwanciya. Dangin ubanka ne ke nan. Dubi wancan mai jan ƙafa baki buɗe, kai ne sak da safe."

"Ni kuma na hango wata can a zaune ta ƙi tashi, na ɗauka madubi ne. To saurara. Abu na farko, kada ki tsaya a ƙasa. Titi nasu ne, rufi naki ne. Wannan ɗan sandan na hagu shi ne tafiya, wannan maɓallin shi ne tsalle."

Kaka ta tura sandan da babban yatsa. Mutuminta ya nufi tsakiyar titi kai tsaye.

"Ina za ki? Na ce sama."

"Bari in gaisa da baiwar Allahn can. Ta yi min kama da ƙawata mai ɗinki. Sannu da rana, ya yara?"

Baiwar Allahn ta waiwayo, ta rungume ta, allon ya yi ja.

"Me ya faru?"

"Kin mutu."

"Daga gaisuwa? To shi ke nan, a raba gado. Kai ko cokali ban bar maka ba."

"Cokalinki da duk suka lanƙwashe? Tashi, a nan in an mutu ana dawowa. Ga katanga. Inda kike son kamawa, nan za ki zuba wa ido, sannan ki danna."

"Haka na yi wa kakanka."

Ta zuba wa katangar ido, ta danna. Mutuminta ya yi tsalle, ya buga goshi, ya zame ƙasa. Ta sake, ya sake zamewa. Can dai ya kama, ya ja jiki ya hau. Kaka ta gyara ɗankwali.

"Ka gani? Ko a zamanina ba a haife mai hawa kamata ba. Na taɓa hawa bishiya ina goye da kawunka, na sauko da tulun ruwa a kai bai zube ba."

"Me tulun ruwa ya je yi a kan bishiya?"

"Ba ruwanka. Me ya sa wannan yaron yake haki kamar tsohon injin niƙa?"

"Kin ga farin layin nan? Ƙarfinsa ne. In ya ƙare sai ki tsaya ya huta, kada ya ƙare miki kina lilo a jikin bene."

"Daga hawa katanga ɗaya? Ina da tsohon cikin uwarka na bi ɓarawon akuya, na wuce shi, na zauna a gaba ina jiransa."

"Shi ya sa ƙarfin ya ƙare tun a lokacin."

A kan rufin ta tsinci guntun bututun ƙarfe. Idonta ya yi haske.

"Yauwa. Ina mai kama da ƙawar tawa? Yau za ta san ta ciji uwar wani."

"Kada ki yi faɗa. Sabon shiga ba ya faɗa, gudu yake yi. Makamin nan ba ya daɗewa, karyewa yake. In ɗaya ya tare ki, ki hamɓare shi da ƙafa ki wuce."

Ba ta ji ba. Wani ya hawo ta kan mota, ta rufe shi da duka tana cije leɓe, kafaɗunta na bin hannu. Ana cikin haka bututun ya rabu biyu.

"Kai ka gyara wannan bututun, ko? Na ga alamar hannunka."

"Da ni na gyara da tun dukan farko ya karye. Gudu, Kaka, gudu. Ki faɗa ta tagar can."

Ta faɗa wani ɗaki mai gado a kife da durowa a buɗe.

"Yanzu ki bincike ko'ina. Durowa, firij, kwandon shara. Tsumma, ƙusa, igiya, kwalba, duk ki kwashe. Da su za ki ɗaure ciwo, da su za ki gyara makami."

"Ni in shiga gidan mutane in buɗe musu durowa? In tona shara da girmana?"

"Masu gidan sun mutu."

"Ga su can a waje suna kallona ta taga. Gobe a ce tsohuwa ta yi sata." Ta leƙa cikin durowar. "Wanne ake dannawa a ɗauka?"

Ya nuna mata. Ba ta bar ko murfin kwalba a ɗakin ba.

"Ashe dama hannun ya saba."

"Adana musu nake yi. Yanzu ta ina zan sauka?"

"Kada ki diro kan siminti. Ki nemi tarin buhunan shara ko tsohuwar katifa ki faɗa a kai. Kuma ki yi a hankali, ƙara ce ke jawo su. Shi ya sa tun farko na ji tsoron ba ki, bakinki kaɗai ya isa ya tara gari."

Ta auna buhunan shara, ta danna, ta dira a kan rufin wata mota. Motar ta ɗauki kuka. Daga kowane lungu suka ɓullo, suna ture juna.

"Wa ya gayyace su?"

"Ke. Hau tsani, ga shi a damarki. Damarki, Kaka, wannan hagu ce."

"Kada ka koya min hannuna, da shi na yi wa uwarka wanka."

Da ƙyar ta kai sama. A cikin garin gem ɗin rana ta yi ja, inuwa ta fara tsawo, ko da yake a falon hantsi ne kawai ya wuce. Jikan ya gyara zama.

"To ga babban abu. Kin ga gidan can mai fitilu da shinge? Nan ne mafaka. Kafin duhu ki shige. Na rana wawaye ne, na dare suna gudu, suna hawa gini, sun fi ki ƙarfi."

"Na ji. Bari in ɗauki tukunyar can tukuna."

"Bar tukunya."

"Sabuwa ce fa, da murfinta."

Ta juya ta koma. Duhu ya rufe allon, sai ɗan hasken tocila. Falon ya yi tsit, ba a jin komai sai wani numfashi mai gurnani daga talabijin. Kaka ta sunkuyo gaba tana laluben tukunya. Ta juya tocilar, sai ga wata ƙatuwar fuska, muƙamuƙi a tsage, ta cika allon da ihu.

Abin dannawar ya tashi sama ya faɗa kan tabarmar ƙofa. Filo ya yi gefe. Kafin jikan ya ɗago kai, kujera ta zama wayam. Kaka tana can ƙarshen falo, a bayan firij, ta riƙe shi da hannu biyu.

Ya dubi kujerar, ya dubi firij, ya dubi tsawon falon da ke tsakaninsu. Ita ma ta sunkuya tana kallon ƙafafunta, suna ɗan rawa, amma suna ɗauke da ita. Ta ɗaga ɗaya a hankali ta sake ajiyewa.

Ya share ido da bayan hannu, ya yi gyaran murya. "Amarya, me kike yi a can?"

"Ji na yi kamar firij ɗin bai rufu ba."

"Daga baya ake rufe shi?"

"Nawa daga baya ake rufe shi."

"Bari in kira Mama in gaya mata abin da likita ya kasa, gawa ta yi."

"Ka kira ta in ce kai ka fara gudu."

"Ina zaune fa."

"Tsoro ne ya dasa ka. Ni aƙalla na iya tashi."

Ta so ta ɗaure fuska, abin ya ƙi. Dariya ta ƙwace mata, ta jingina da firij tana yi har da hawaye, shi ma ya kife a kan kafet. Da ta lafa, ta buɗe firij ɗin, ta zura hannu can bayan tukwane, ta zaro wata kwalbar lemo da ta ɓoye wa duk mutanen gidan tun kafin ta faɗi.

"Ungo, Maigida. Na ji, yau kai ka ci. Zo ka kama hannuna mu koma, kuma ka rage wa munafukin can murya kafin mu iso."