Zanen Kaka a Karofin Ƙarfi

Ranar da Malam ya koya mana warware hisabi, kaina ya kusa yaga hulata. Ka riƙe adadi a zuci, ka ninka, ka ƙara uku, ka faɗi abin da ya fito. Ni kuwa in cire ukun, in raba biyu, in gaya maka abin da ka riƙe. Na tabbata babu abin da ba zan bi ta baya in gano asalinsa ba.

Ana gab da Sallah, Kaka da Gwaggo suka aike ni karofin garin Ƙarfi da zannuwansu a rina. Masaƙi ɗaya ya saƙa su, amma na Kaka fari ne, na Gwaggo shuɗi-shuɗi. Kaka da hannunta ta kaɗa zarenta, ta kuma rantse ba ta ɗaura kaɗin wata.

Marini ya ce, "Samari, ƙulla bakin ɗaya don shaida."

Na ce, "Bar shi, Baba, mun yi hisabi."

Da na koma karɓa, sai ga zannuwa biyu baƙaƙe wuluk kamar tagwaye. Na cire shuni a zuci, na raba biyu, ban ga komai ba. Na juya su, na shinshina, har na lashi ɗaya. Marini ya kusa faɗawa ramin rini don dariya.

A gida Kaka ta ce, "To, mijina, wanne ne nawa?"

Na nuna ɗaya, harshena shuɗi. Gwaggo ta ce ai wannan nata ne. Kaka ta ƙi duka biyun, ta yi Sallah da tsohon zane.

Har yau in ta dama fura sai ta miƙo mini ƙwarya, ta ce, "Malamin hisabi, mayar mini da nonona daban, gerona daban."